Na bi bas ɗin masu zagawa da mutane gidajen tarihin Kaduna, ga yadda ta kaya

Masu tambayata batun yaran nan da ke ɗibar mutane a bas suna zagawa da su wuraren tarihi da shaƙatawa na cikin garin Kaduna, waɗanda tallarsu ke ta yawo a WhatsApp, toh na bi su, ga bayani. Bazan kama sunansu ba don akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan ɗan taɓa su, kuma yara ne masu neman na kansu, bana so in zama sanadin da za a guje su. Kuɗin dai sun halatta, amma mutum ɗaya ne ya halatta su, wato yaron da ke riƙe da lasifika yana bayani. Mota da abinci da tsarin lokaci kam sai a hankali.

Yadda abun yake, dubu 15 ne kan babba, yara rabin kuɗi, suka ce ya haɗa da mota mai AC da kuɗin shiga ko'ina da abincin rana da hotuna. Ka tura kuɗi ta waya, ka tura musu shaida, sai su jefa ka a guruf. Mu ranar Alhamis muka je cikin hutun makaranta na damina, ni da yarana biyu da Gwaggona da tazo biki daga Funtua ta ɗan tsaya mana. Aka ce a haɗu ƙarfe tara a gefen Murtala Square, duk wanda ya makara ba a jira. Kowa yazo kafin tara har da wani dattijo da ya taso tun daga Rigasa, motar ce bata iso ba sai goma saura. Direba yace layin mai, mai tsara tafiyar yace taya ce ta yi faci, ko bakinsu basu haɗa ba. AC ɗin kuma akwai shi, yana ƙara sosai, iskar ce dai babu, Allah ya taimaka garin da lumshi muka zuge gilasai.

A zaman jiran nan ne na fara gane jagoran ba irin masu haddace takarda bane. Da ya ga fuskoki sun fara canzawa sai ya tara mu a inuwa ya fara bada labarin filin da muke tsaye, yadda aka yi gagarumin hawan daba a nan lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977 sarakunan Arewa suka zo da dawakai da raƙuma, da yadda tun 1956 aka yi wa Sarauniyar Ingila irin wannan hawan a Kaduna. Daga nan ya gangaro kan dalilin da yasa ma aka yi garin, cewa a Zungeru Turawa suka ajiye hedikwatar Arewa a da, daga baya suka dawo da ita nan a 1917 saboda ga ruwan kogi ga layin dogo da ya ratsa ya nufi Kano. Yaro ne da bai wuce ashirin da 'yan kai ba, yace tarihi ya karanta a jami'a, Hausarsa tas babu wannan cakuɗa Turancin da ke sa tsofaffi su yi shiru su bar ka da abunka.

Lugard Hall daga cikin mota muka gan shi, an ɗan rage gudu dai muka kalli ƙubbar, tunda majalisar dokokin jiha ce ke zama a ciki ba wurin da za a kwashi yara a shiga haka kawai bane. Yace nan ne majalisar wakilan Arewa da ta sarakuna suke zama zamanin jihar Arewa guda. Minti biyu an wuce.

Gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu a Unguwar Sarki shi ne inda na fi so a daɗe. Duk ɗan Kaduna ya san ginin, kowa na wucewa ta gabansa a keke ko a bas ɗin Kawo, amma tambayi mutum goma ka ji nawa suka taɓa leƙawa. A 1975 aka mai da shi gidan tarihi, kafin nan hedikwatar jam'iyyar NPC ce, jam'iyyar su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Jagoran na faɗin haka sai dattijon Rigasa ya ɗaga sandarsa yace Sawaba, ashe gidansu 'yan NEPU ne tun na Malam Aminu, shi kuma ya yi PRP ya zaɓi Balarabe Musa a 1979 kuma har gobe bai huce da tsige shi da aka yi a 1981 ba. Gwaggo ko kallonsa bata yi ba tace Salama dai Malam, Salama, wato taken 'yan NPC. Yace Hajiya ai ku ne kuka ɗaure iyayenmu. Tace da sun zauna lafiya wa zai taɓa su. Duk motar aka kwashe da dariya, daga nan kuma har yamma basu daina tsokanar juna ba.

A ciki abun da ya tsayar da ni kayan Nok ne. Kawunan mutane ne da aka gina da yumɓu aka gasa, launin ƙasa ja-ja, in ka matso zaka ga jikin da ɗan tsakuwa-tsakuwa ba sumul ba. Idon ne abun kallo, kusan mai kusurwa uku, an huda tsakiyarsa, an huda hanci, wani har baki da kunne, ga gyaran gashi an yi shi tsaf tamkar yanzu mai kitso ta tashi a kai. Jagoran yace cikinsu rami ne ba cike suke ba, kuma hudojin nan suna taimakawa zafi da tururi su fita lokacin gashi kada abun ya fashe a wuta, wato wanda ya yi ya san yumɓu ya san wuta ba wasan yara yake ba. Shekarunsu sun haura 2000. Kuma ba daga wata uwa duniya aka kawo su ba, Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba a kudancin jihar nan, a can masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a 1928. Ya bamu labarin wani kai da aka samu a wajen Jema'a wanda wani ma'aikacin kuza ya kai gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi yana korar dabbobi, sai da wani Bature Bernard Fagg ya gani a shekarun 1940 ya lura ya yi kama da na Nok, daga nan bincike ya kankama, shi ne ma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Yace mutanen nan sun iya narka ƙarfe tun wancan zamanin, kuma masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus sun shafe shekaru suna tono a yankin tare da namu. Ya kuma faɗi mai ɗacin, cewa da yawa daga cikin masu kyan an haƙe su ta ɓarauniyar hanya an sayar ƙasashen waje.

Gwaggo da farko a bakin ƙofa ta toge, tace ita bata zo kallon gumaka ba. Na zaci yaron zai fara mata lacca, sai kawai ya rage murya yace Hajiya ai ba wanda yazo gaishe su, aikin hannun mutanen da ne muke dubawa, ke da kika san ginin tukunya zo ki gaya mana ko wannan gashin ya yi. Ai kuwa ta shigo, ta sunkuya ta ƙura wa ɗaya ido ta daɗe, sannan tace wannan ƙasar an haɗa ta da tsakuwa ne don kada ta tsage, haka masu tukwane ke yi a garinsu tana yarinya. Yace wallahi Hajiya abun da masana suka rubuta kenan. Ranar nan ko tuwo aka hana ta ba zata damu ba. Wannan iya zama da mutane ba a koyar da shi a aji, kuma shi nake nufi da nace yaron ya ci kuɗinsa.

Akwai kayan tagulla irin na Benin, akwai kayan sawa da na kiɗa da na yaƙi na ƙabilu daban-daban, ga kuma ɓangaren masu sana'ar hannu a harabar inda zaka iya sayen 'yar jaka ko wani abun fata ka tafi da shi tsaraba. Amma ina, bamu samu mun duba da kyau ba, don mai tsara tafiyar ya shigo yana tafa hannu wai lokaci ya tafi, aka koro mu kamar awakin da za a kai Zango. Lattin da su suka jawo da safe a nan suka zo suka cire shi, a wurin da ya fi ko'ina abun gani. Ko minti arba'in bamu cika ba. Ƙaramar 'yata tana cikin tambayar me yasa duk aka huda musu ido aka ja hannunta.

Daga nan sai Arewa House a titin Rabah, ba nisa. Rabah ɗin ma sunan garin da aka haifi Sardauna ne a ƙasar Sakkwato. Nan ne gidan Firimiya, inda Sir Ahmadu Bello ya zauna, kuma nan sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka masa cikin daren wayewar Asabar 15 ga Janairun 1966 suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu. Tun 1970 wurin ya zama cibiyar adana tarihi da bincike, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara riƙe ta, Baturen Ingila ne da ya musulunta ya ƙare rayuwarsa a nan ƙasar. Wuri ne mai natsuwa, bishiyoyi manya, kana shiga hayaniyar titi ta yanke. Akwai laburare, akwai tsofaffin takardu da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, zaka ga ɗalibai masu digiri na biyu da na uku sun duƙufa ko ɗago kai basa yi. Mu ɓangaren hotuna da kayan tarihi aka kai mu.

A nan jagoran ya yi abun da ya ƙara burge ni, ya yi bayani kaɗan sai ya yi shiru ya bar tsofaffin biyu. Gwaggo ta tsaya gaban wani hoto na Sardauna da rawaninsa tace cikin azumi ne, tana 'yar yarinya, ta ga babansu ya ajiye rediyo ya shiga ɗaki bai fito ba sai da aka kira magariba, ranar ko kunun buɗa baki ba wanda ya sha da daɗi. Dattijon Rigasa da tun safe yake Sawaba Sawaba ya cire hularsa ya mayar, yace mu mun yi adawa da shi amma ba haka muka so ba, Allah ya jiƙan Gamji. Yarana da basu san komai ba sai sunan jami'a da na filin ƙwallo da hoton da ke jikin naira 200 suka yi tsit suna kallonsu.

Sai dai a daidai wannan lokacin ne mai kamarar tasu ya kutso yana cewa kowa ya juyo ya ɗaga hannu a ce sunan kamfani. Wannan yaron shi ne matsalata ta biyu da su bayan lokaci. Duk inda aka tsaya sai ya tsara mutane a layi, a yi tafiya a dawo a sake don bai ɗauku ba, kuma bai tambayi kowa ko yana so a saka shi a intanet ba. Akwai matan aure a motar, akwai Gwaggo da ta ja mayafi ta rufe fuska duk sanda ya juyo. Sai da wata baiwar Allah ta ce masa Malam ka cire ni a bidiyon nan maigidana bai sani ba, sannan ya fara ɗan jin nauyi. Talla ba laifi bace, da ita mu ma muka san su, amma a tambayi mutum tun a guruf, wanda baya so a bashi kujerar baya a ƙyale shi.

Azahar a masallacin Sultan Bello muka yi tunda yana nan kusa, wannan kam sun tsara daidai, akwai wurin mata, ba wanda ya takura.

Toh sai gidan abincin. Wani wuri ne ta wajen Unguwar Rimi, shi ma bazan faɗi suna ba. Wurin a ido ba laifi, fanka na aiki, teburan a goge, akwai wurin wanke hannu da sabulu. Matsalar ita ce kamar basu san da zuwanmu ba duk da ance tun jiya aka gaya musu. Mutum kusan ashirin muka zauna, mai kawo abinci yarinya ɗaya, ta rubuta oda ta dawo tace sakwara ta ƙare, ta sake zagayawa ta dawo tace farfesun kayan ciki sai an jira. Zaɓin da ke cikin kuɗinmu ashe uku ne kawai, jalof da kaza, tuwon shinkafa, ko masa, kuma lemo da zoɓo kai zaka biya, ruwan leda ne kyauta. Wannan ba a rubuta a tallar ba.

Ni tuwon shinkafa miyar taushe na ci, kuma gaskiya miyar ta yi. Kabewar ta narke ta yi kauri, an sa gyaɗa daidai bata rinjaye ba, ɗan tsamin yakuwa na fitowa daga baya, ga man shanu an ɗiga a kai, mai girkin ta san hannunta. Tuwon ne an naɗe shi a leda tun safe ya huce har ya fara tauri a gefe, naman kuma yanka ɗaya ne wanda sai ka yi bincike a kwanon kafin ku haɗu. Masar da Gwaggo ta karɓa ta sha mai kuma an ɗumama ta ne ba sabon tuya ba, ta ci biyu ta ture tace a Funtua ko almajiri sai ya tambayi ba'asi. Jalof ɗin yara dai sun cinye tas, amma yara da yunwa ba a kafa hujja da su. Zoɓon na da citta da kanumfari sosai, shi na ƙara har da na tafiya. Wajen biya POS ya ƙi, netwok ya ƙi, aka tsaya turawa ɗaya bayan ɗaya ana jiran alat. Kusan awa biyu muka kashe a gidan abincin nan, ninki uku na abun da aka bamu a gidan tarihi, ku duba fa.

Ƙofar Gamji muka rufe da ita, wato lambun Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogin Kaduna. Hassan ɗin ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo ne, shi ya zama gwamnan soja na jihar Arewa bayan kashe Sardauna, don haka jagoran ya ɗaure labarin da na Arewa House ba tare da ya sake dogon zance ba. Da damina wurin kore shar, inuwa ko'ina, kogin ya cika ya yi jajawur yana tafiya da ƙarfi, iska mai sanyi na tasowa daga ruwan. Yara suka bazama, tsofaffi suka samu benci. Ya kai mu kan gadar Lugard, 'yar gadar ƙafa ce ta ƙarfe wadda in ba a gaya maka ba zaka taka ka wuce baka san komai ba. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan aka sake haɗawa, kuma tun 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Babban ɗana ya tsuguna yana ƙirga kusoshin jikinta yana tambaya ta yaya aka ɗauko gada daga wani gari, jagoran ya tsuguna tare da shi yana nuna masa inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, yace gunduwa-gunduwa ake kwancewa a ɗauko a sake ɗaurawa.

Bamu yi awa ɗaya ba hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, aka ce kowa ya shiga mota. Ruwan ya same mu a hanya, nan muka gane gilashin baya ɗaya baya rufuwa, wanda ke kusa da shi ya sha jiƙa har cikin aljihu. An sauke mu inda aka ɗauke mu wajen biyar da rabi.

In zaka bi su, ka tambaya tun kafin ka tura kuɗi ko wannan jagoran ne zai fita ranar, don naji suna da wani kuma ban san hannunsa ba. Ka tambayi me ke cikin abincin da me babu, ka riƙe 'yan canji a hannu saboda zoɓo da tsaraba, ka zo da ruwanka, in da tsoho a tafiyar ka nema masa kujerar gaba don hawa da sauka daga bayan bas ɗin nan aiki ne. Mai baƙi daga wani gari da ke son ya nuna musu Kaduna a yini ɗaya ba tare da ya yi ta ciniki da masu keke ba, wannan ta dace da shi. Wanda kuma kayan tarihin ne suka dame shi da gaske, gara ya ware safiya guda ya je titin Ali Akilu da ƙafarsa ya nemi ma'aikatan wurin su zagaya da shi a tsanake, don wuraren nan uku na Unguwar Sarki da titin Rabah duk kuɗin keke kaɗan ne tsakaninsu.

Na rubuta wa mai tsara tafiyar duk wannan a guruf, ya amsa da ladabi yace za su canza gidan abinci kuma za su riƙa fita takwas da rabi. Hotunan da aka ce suna cikin kuɗinmu kuwa har yanzu 'yan kaɗan ne suka shigo, kuma yawancinsu motar aka ɗauka ta gefen da aka manna sitikar kamfani.